Tsofaffin laftof da netbuk na gwanjo: wace Linux ce za ta ɗauke su?

Malam Bashir, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata Islamiyya a nan unguwarmu ta samu kyautar kwamfutoci na gwanjo, kala-kala aka haɗo su. Akwai HP EliteBook 8470p, akwai Dell Latitude E6420, akwai ƙananan nan na netbuk, HP Mini 110 da Acer Aspire One, sai kuma HP Stream 11. Wasu Windows 7 ce a kansu, wasu Windows 10, wadda Microsoft ta daina sabunta ta tun 14 ga Oktoba 2025, kuma babu ɗaya a cikinsu da Windows 11 za ta karɓa. Abin da ake buƙata shi ne yara su koyi buga rubutu da Hausa da Larabci da Turanci, malamai kuma su riƙa shirya takardun jarrabawa suna fitarwa a firinta. Wace Linux za a ɗora a madadin Windows, kuma ta ina za a fara?

Injiniya Auwal, Kawo:
Wa alaikumus salam Malam. Kada a fara da zaɓen Linux, a fara da raba kwamfutocin gida uku bisa furosesa da RAM, domin guda ɗaya ba za ta ɗauke su duka ba.

EliteBook 8470p da Latitude E6420 ba su da wata matsala. Core i5 ne ƙarni na uku da na biyu, kowace tana da gurbin RAM biyu na DDR3, kuma tana ɗaukar har 16GB. A kai kowace 8GB in da hali, in babu 4GB ma ta yi, a cire tsohon faifan ajiya mai juyawa a sa SSD, wato ma'ajiya mai sauri wadda ba ta juyawa, na SATA mai inci 2.5, ko da 128GB ne. Sai a ɗora Linux Mint 22 ta Xfce, wadda aka gina a kan Ubuntu 24.04, kuma za a ci gaba da sabunta ta har 2029. Wanda ya saba da Windows 7 ba zai ɓata a cikinta ba.

HP Stream 11 ita ce ta tsakiya: furosesa Celeron mai 64-bit, amma RAM ɗinta a manne yake da allon ciki, yawanci 2GB, ma'ajiyar kuma eMMC ce 32GB wadda ba a canzawa. Wannan Debian da LXQt ko MX Linux ta fi dacewa da ita.

Netbuk ɗin su ne masu aiki. Suna ɗaya, ciki daban. HP Mini 110 ta farko da Aspire One D150 da D250 Atom N270 ko N280 gare su, 32-bit ne zalla. Waɗanda suka biyo baya masu N450 ko N455 suna iya 64-bit. A tayar da kowace daga filashi, a buɗe taminal, wato tagar rubuta umarni, a rubuta lscpu, a duba layin op-mode. In 32-bit kaɗai ya nuna, to an san inda aka tsaya.

Sadiq Mai Gyara, Ahmadu Bello Way:
Injiniya ya yi bayani, amma kafin a sayi ko da SSD ɗaya a gwada lafiyar kowace na'ura, don kayan gwanjo ba a yarda da su da ido. Memtest86+, mai gwada lafiyar RAM, yana cikin jerin tayarwa na filashin Mint, a bar shi ya zagaya sau ɗaya cikakke. In ko layi ɗaya ja ya fito, RAM ɗin ya lalace, kuma irinsa ne ke sa girkawa ta tsaya a tsakiya a ce laifin Linux ne. Faifan ajiya kuma a sa smartmontools, a rubuta sudo smartctl -a /dev/sda, a duba Reallocated_Sector_Ct da Current_Pending_Sector. In na biyun ya wuce sifili, kada a ajiye takardun makaranta a kansa.

Sai filashi. A kasuwa akwai masu rubutun 32GB alhali cikinsu bai kai haka ba, kuma ba za ka gane ba sai bayan ka zuba kaya sun lalace. A gwada da H2testw a Windows, ko f3write da f3read a Linux. In ya tsira, a sa masa Ventoy sau ɗaya, daga nan sai kwafar fayilolin ISO, wato fayilolin girka Linux, kawai ake yi a ciki, Mint da Debian da antiX duk a filashi guda na 16GB. Kowane ISO da aka sauke a tantance lambar SHA256 ɗinsa da wadda ke shafin masu shi. A Windows umarnin shi ne certutil -hashfile, sunan fayil, sai SHA256. Da irin netiwok ɗinmu da ke yankewa a tsakiyar saukewa, wannan ba abin tsallakewa ba ne.

Maɓallin zaɓen abin tayarwa: HP F9, Dell F12, Acer F12 amma sai an fara shiga BIOS da F2 an kunna shi.

Injiniya Auwal, Kawo:
Ni ra'ayina a kan masu N270 shi ne kada a ɓata musu lokaci. Ubuntu ta daina fitar da ta 32-bit tun 17.10, Mint ta tsaya a 19.3, Debian 13 da ta fito a Agustan 2025 ba ta da abin girkawa na 32-bit kwata-kwata. Chrome ya bar 32-bit na Linux tun 2016, Firefox ma ya sanar da cewa 144 ne na ƙarshe, sai ESR 140, nau'insa mai dogon tallafi, da ya ɗan ƙara wa'adi. Na'urar da ba ta da burauza mai samun sabuntawa bai kamata a ba yara su shiga intanet da ita ba. A ciro RAM da katin Wi-Fi da caja a ajiye, a bar gangar jikin.

Malama Hauwa, Unguwar Rimi:
Injiniya, a nan ban yarda da kai ba. Malam Bashir bai ce yara za su shiga intanet ba, cewa ya yi za su koyi buga rubutu. Duk hujjar da ka kawo ta burauza ce, kuma gaskiya ce, amma koyon kibod ba ya buƙatar burauza. Debian 12 tana da ta 32-bit, kuma tallafinta na dogon zango zai kai tsakiyar 2028. antiX 23 a kanta aka gina ta, da IceWM take zuwa, tana tashi da RAM ƙasa da 300MB, ka ga a na'ura mai 1GB sauran ya ishi AbiWord da Klavaro ko Tux Typing. In aka sa mata sanda ɗaya ta DDR2 mai 2GB, wanda shi ne iyakar abin da take ɗauka, har LibreOffice Writer za ta buɗe ta yi aiki.

Abin da ke kashe waɗannan ƙananan shi ne a ɗora wa jaki kayan raƙumi, a buɗe YouTube da Facebook a kan N270, wadda katin hotonta GMA 950 ba ya taimakawa wajen warware bidiyon H.264, komai sai furosesa ta yi da kanta. A cire burauzar gaba ɗaya daga jerin manhajojin yara, shi ke nan.

Ga kuma wani amfani. A sa kiwix-tools, manhajar karanta Wikipedia ba intanet, a ɗaya daga cikin EliteBook ɗin, a sauke fayil ɗin ZIM na Wikipedia ta Hausa sau ɗaya, a kunna kiwix-serve a kan tashar 8080, a haɗa duka da ƙaramin rauta wanda babu layin data a cikinsa. Kowace netbuk za ta karanta daga nan da burauza mara nauyi irin NetSurf, ba tare da an kashe ko naira ɗaya a data ba, kuma babu hanyar fita waje.

Injiniya Auwal, Kawo:
In sharaɗin shi ne ba za su taɓa intanet ba, Malama, to ba mu da saɓani a kan tsaro. Sai dai a rubuta a jikin kowace da alƙalamin fenti, kada gobe wani malami ya haɗa ta da wayarsa ya shiga manhajar banki. Kuma ina nan a kan cewa kada a sayi musu sabon batir ko SSD. Kuɗin da za a kashe a can a ƙara wa manyan RAM.

Malama Hauwa, Unguwar Rimi:
Wannan na amince. RAM na DDR2 kaɗai, shi ma daga matattun laftof za a ciro.

Abu ɗaya game da fuskar netbuk: 1024 sau 600 ce, akwatunan saiti da yawa sun fi ta tsayi, sai maɓallin amincewa ya ɓuya a ƙasa. A danne Alt a ja tagar da linzami daga ko'ina, za ta motsa sama. Aspire One D270 kuwa, mai Atom N2600, katin hotonta GMA 3600 ne, direban Linux ɗinsa nuni kawai yake yi ba ya saurin zane. Rubutu za ta yi, bidiyo a haƙura.

Abdul Kadpoly:
Yayyena ina da tambaya a kan Wi-Fi, don shi ne abin da ya fi korar mutane. An gama girkawa lafiya, sai a ga babu alamar Wi-Fi ko kaɗan. Me ake yi?

Sadiq Mai Gyara, Ahmadu Bello Way:
Ƙanena, mataki na farko rfkill list. In ya ce an toshe ta ɓangaren na'ura, to maɓalli ne: E6420 tana da ɗan makunni a gefe, EliteBook tana da nata a saman kibod. Babu umarnin da zai buɗe wannan sai yatsa. In ta ɓangaren manhaja ce, rfkill unblock all.

In ba toshewa ba ce, lspci -nn zai faɗi sunan katin. Na Intel da Atheros suna tashi da kansu. Broadcom ne mai wahala, kuma shi ya cika HP Mini da Dell. BCM4312 yana son firmware-b43-installer. BCM43142, wanda ke cikin wasu HP Stream, sai broadcom-sta-dkms a Debian ko bcmwl-kernel-source a dangin Ubuntu. Kada a sa biyun tare, domin na biyun yana toshe direban b43, sai a rasa duka. Tun da ana buƙatar intanet kafin a sauko da su, a haɗa wayar Android da igiyar USB a kunna raba data ta igiya, Linux tana ganinta kamar haɗin intanet na igiya ba tare da wani direba ba. Igiyar ta zama mai ɗaukar data, ba irin ta caji kawai ba. A Mint kuma manhajar direbobi tana iya ɗauko na Broadcom daga filashin da aka yi girkawa da shi.

Wasu Stream ɗin Realtek RTL8723BE gare su. Alamarsa Wi-Fi yana nan amma sai ka tsaya dab da rauta. Dalili shi ne wayar eriya ɗaya aka sa, direban kuma yana saurare ta ɗaya gurbin. A ƙirƙiri fayil a /etc/modprobe.d a rubuta options rtl8723be ant_sel=2, a sake tayarwa, in bai gyaru ba a mai da shi 1.

Injiniya Auwal, Kawo:
Tun da an zo kan Stream, abu uku. Wadda ke da Celeron N2840 tana daga dangin Bay Trail, waɗanda aka sani da sandarewa ba gargaɗi, linzami ya tsaya, kibod ya tsaya. Matsalar daga yanayin barcin furosesa mai zurfi take. In ta faru, a buɗe /etc/default/grub, a ƙara intel_idle.max_cstate=1 a layin GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT, a yi sudo update-grub. Batir zai ɗan rage daɗewa, amma sandarewar za ta tafi.

Na biyu, RAM 2GB yana son zram. A Debian a sa zram-tools, a buɗe /etc/default/zramswap, a sa ALGO=lz4 da PERCENT=50. Wato rabin RAM zai zama wurin matse abin da ba a amfani da shi a lokacin, maimakon a riƙa rubuta shi a eMMC mai jinkiri da saurin gajiya. Netbuk ɗin ma wannan saitin zai taimake su.

Na uku, kada a kunna Timeshift, manhajar ajiye kwafin tsarin kwamfuta, a kan 32GB. Hotunan tsarin da yake ajiyewa za su cinye ma'ajiyar, wata rana a kunna ta ƙi shiga saboda babu ko wurin rubuta fayil ɗin wucin gadi. A riƙa yin sudo apt clean da sudo apt autoremove bayan kowace sabuntawa. Lokacin girkawa kuma ma'ajiyarta da sunan mmcblk0 take fitowa, ba sda ba. Sda a nan filashinka ne, kada a goge shi.

Baba Audu, Kakuri:
'Ya'yana duk kun yi magana a kan manhaja, ku bari in ja hankali kan wuta da ƙura, don a garin nan su ke kashe kwamfuta kafin komai.

Laftof ɗin gwanjo yawanci batirinta ya mutu. upower -i a kan batirin zai nuna energy-full da energy-full-design, a raba na farko da na biyu a ga kason da ya rage. Wadda ba ta riƙe minti 30 ba, kada a yi mata girkawa ko sabuntawa sai a kan inbata ko janareto da aka tabbatar da mansa. In wuta ta ɗauke ana tsakar sabuntawa, bayan an kunna a yi sudo dpkg --configure -a, sannan sudo apt -f install. In kuma baƙin allo ya fito da kalmar initramfs, ba lalacewa ta yi ba, tsarin fayil ne yake neman gyara. Saƙon da ke sama zai faɗi ɓangaren, misali sda2, sai a rubuta fsck -y /dev/sda2, a jira ya gama, a rubuta exit.

Cajar Dell tana da siririn tsinke a tsakiyar bakinta wanda ke shaida wa na'ura ƙarfin cajar. In jabu ce ko tsinken ya karye, BIOS za ta ce ba ta gane caja ba, ta ƙi cajin batir, ta kuma rage gudun furosesa ƙasa sosai. Mutum ya ga E6420 tana rarrafe ya ce Linux ce, alhali caja ce. A shiga BIOS da F2 a duba, ta nuna 65W ko 90W.

Ƙurar hunturu tana taruwa tsakanin fanka da haƙoran tagulla kamar auduga, zafin Maris da Afrilu kuma ya zo ya same ta a toshe. A sa lm-sensors a rubuta sensors. In tana zaune ba aiki amma zafinta ya haura digiri 70, a buɗe, a riƙe fankar da yatsa kada ta juya, a share da burushi, a goge tsohon man furosesa da sifirit a sa sabo kamar ƙwayar gero biyu. EliteBook 8470p murfin ƙasanta da sakata yake buɗewa, ko sukundireba ba a nema kafin a ga fankar.

Sai ƙaramin batirin agogo na CR2032. In ya mutu kwanan wata zai koma baya duk lokacin da aka cire wuta, apt ta ce fayil ɗin Release bai fara aiki ba tukuna, burauza ta ƙi buɗe shafuka. A yawancin laftof mai igiya ne a naɗe da roba, a tafi da tsohon kasuwa a gwada bakin.

Malam Bashir, Tudun Wada:
Allah ya ƙara girma Baba, Allah ya saka wa kowa. Saura rubutun Hausa da Larabci, da kuma firinta. HP LaserJet 1020 ce a ofishin makarantar.

Malama Hauwa, Unguwar Rimi:
Malam, wannan ɓangaren Linux ta fi sauƙi. A saitin kibod a ƙara na Najeriya nau'in Hausa, yana nan a ciki tun asali, a ƙara na Larabci, a sa Alt da Shift su riƙa sauyawa. Amma ga yaran da ke koyon kibod na fi son a bar tsarin Turanci yadda yake a jikin maɓallan, a mai da Alt na dama ya zama maɓallin haɗa harafi, a rubuta fayil ɗin .XCompose a babban folda ɗin mai amfani, wato home, ta yadda Alt na dama, sai k, sai alamar ɗauri zai ba da ƙ, haka d ya ba da ɗ, b ya ba da ɓ, manyan baƙaƙe ma haka. Layin farko na fayil ɗin ya zama include "%L" don kada a rasa haɗe-haɗen asali. A rubuta shi sau ɗaya a kwafa wa duka na'urorin. Wanda ya maƙale kuma, a yawancin manhajoji Ctrl da Shift da U, sai 0199, sai Enter zai fitar da ƙ, 0257 ɗ, 0253 ɓ.

Salon rubutu yana da muhimmanci, don wasu ba su da baƙaƙe masu lanƙwasa, sai a ga ƙ ta fito da wani fasali daban a tsakiyar kalma. DejaVu da Noto da Charis SIL da Andika duk suna da su, Andika kuma don masu koyon karatu aka zana ta. Na Larabci a sa fonts-hosny-amiri da fonts-sil-scheherazade. Na Ajami akwai Alkalami, wadda aka yi a kan salon rubutun Kano, da Harmattan, dukansu na SIL. A LibreOffice sai an shiga saitin harsuna an kunna rubutu mai sarƙaƙiya, wato Complex Text Layout, an zaɓi Larabci kafin maɓallin rubutu daga dama ya bayyana.

Takardun da ake turowa daga Word suna wargajewa ne saboda babu Calibri da Cambria. A sa fonts-crosextra-carlito da fonts-crosextra-caladea, faɗin baƙaƙensu daidai yake da na waɗancan, shafi ba zai zame ba. Duk takardar jarrabawar da za a kai shagon buga takardu a fitar da ita PDF tukuna, musamman mai Larabci.

Sadiq Mai Gyara, Ahmadu Bello Way:
LaserJet 1020 ba ta riƙe manhajar cikinta, duk lokacin da aka kunna ta sai kwamfuta ta tura mata. Shi ya sa Linux za ta gan ta, ta karɓi aiki, amma takarda ba ta fita. A sa printer-driver-foo2zjs, a yi sudo getweb 1020 da intanet a haɗe sau ɗaya, a kashe firintar a kunna. In ta yi ƙara sau biyu, na kunnawa da na karɓar manhajar, ta shirya. Hanya ta biyu ita ce hplip da hp-plugin, amma a zaɓi ɗaya. A haɗa ta da EliteBook guda, a buɗe localhost:631 a burauza, a kunna rabawa, sauran kwamfutocin malamai za su buga ta kan rautan nan da Malama ta ambata.

Abdul Kadpoly:
To maganar data fa? Sabunta na'urori da yawa ɗaya bayan ɗaya zai ci kuɗi.

Injiniya Auwal, Kawo:
A sa apt-cacher-ng a kan EliteBook ɗin da ke riƙe da firinta, a ba ta adireshi tsayayye a rauta. A kowace ta sauran a ƙirƙiri fayil a /etc/apt/apt.conf.d mai nuna Acquire::http::Proxy zuwa adireshin nan da tashar 3142. Ta farko da ta sabunta za ta sauko da kayan daga waje, masu bi mata daga ajiyar za su ɗauka. Amfanin yana fitowa ne in tsarin iri ɗaya ne, don haka duk manyan su zama Mint 22, Stream ɗin duka Debian ɗaya. Da wannan hanyar masu N270 ma za su samu sabuntawarsu ta cikin gida ba tare da su kansu sun fita intanet ba. A ware rana ɗaya a wata, a haɗa babbar da waya, a sa alamar layi mai awo a saitin haɗin don kada wani abu ya sauka a ɓoye.

In akwai wadda za a bar wa Windows a gefe saboda CorelDraw, wanda ba ya aiki a Linux, a kashe saurin tayarwa na Windows, wato Fast Startup, tukuna, in ba haka ba Linux za ta ga ɓangarenta a kulle ba ta iya rubutu a ciki. Agogo kuma zai riƙa saɓawa da awa ɗaya tsakanin tsarin biyu, saboda Linux tana ajiye shi a UTC mu kuma muna gaba da awa guda. timedatectl set-local-rtc 1 yana daidaita su.

Baba Audu, Kakuri:
Malam Bashir, asusun yara ya zama daban, mara ikon sudo, wato ikon mai gudanarwa, kalmar sirrin mai gudanarwa kuma ta tsaya a hannun malamai biyu. Idan an gama saita EliteBook ɗaya yadda ake so, a ɗauki hotonta da Clonezilla a faifan waje a zuba wa sauran, sannan a canza wa kowace suna da hostnamectl set-hostname kafin a haɗa su a rauta ɗaya. SSD ɗin da za a zuba wa ya zama girmansa daidai da na asali ko ya fi shi, don Clonezilla ba ta zuba hoton babban faifai a ƙarami.